Irin doya, rogo da dankali: darasin da kwaruruka na Gure za su ɗauka daga Najeriya

Duk shekara, da an gama yankan hatsi an kai damma rumbu, hankalin manoman gundumar Gure yakan koma kwari, inda ake noman rani. A daidai wannan lokaci ne kuma doyar Tarayyar Najeriya ke yawaita a kasuwannin Damagaram da Gure da Gidigir, ana sayar da ita da tsadar da ba kowane magidanci ke iya kaiwa gare ta ba. Manomin Binuwai da ya noma doyar da manomin Gure da ke dasa rogo a gindin dabino suna fama da matsala guda: abin da suke shukawa yanki ne na amfanin bara, kuma duk cutar da ta kama gonar bara tana cikinsa. Najeriya ta shafe fiye da shekaru 10 tana ƙoƙarin kafa tsarin samar da irin doya mai lafiya. A Nijar, inda magabata suka sa wadatar ƙasa da cimaka a gaban komai, maganar iri har yanzu ta fi karkata ga hatsi da dawa da wake.

Irin da ba ya shiga buhu

Mai noman hatsi yana buƙatar tiya uku ko huɗu don ya shuka hekta guda. Ƙwayar busasshiya ce, tana jure ajiya daga shekara zuwa shekara, kuma yawancin cututtukan da suka kama uwar ba sa bin ta. Doya da rogo da dankali ba haka suke ba. Mai doya yana binne guntun doya ne, mai rogo yana dasa guntun kara, mai dankalin Hausa yana dasa yankin yaɗo. Abin da ya tsiro ci gaban tsohuwar shukar ne, da ƙarfinta da rauninta.

Wannan ya haifar da wahalhalu guda uku da suka sarƙe da juna. Na farko nauyi. Hekta guda ta doya tana ɗaukar tsibi kusan 10,000. Idan aka sa guntu mai nauyin giram 250 a kowane tsibi, ana maganar ton biyu da rabi na doya da za a binne a ƙasa. Hekta guda ta rogo, idan an bar mita ɗaya tsakanin shuka da shuka, ita ma tana cin guntayen kara 10,000. Na biyu jinkirin yaɗuwa. Zangarniyar hatsi ɗaya tana ba da dubban ƙwayoyi, amma doya ɗaya a yankan gargajiya ba ta wuce guntu huɗu ko biyar, gindin rogo ɗaya kuma yana ba da guntu kusan 10 bayan shekara. Sabon nau'i mai kyau, ko da an same shi a tashar bincike, sai ya yi shekaru kafin ya isa ƙauye. Na uku, kuma mafi muni, taruwar cuta. Ƙwayar birus da ta shiga shukar ba ta fita. Kowace shekara ana ƙara sabon kamu a kan tsoho, amfanin yana raguwa sannu a hankali, manomi kuma ya ɗora laifin a kan gajiyar ƙasa ko ƙarancin ruwa.

Abin da ya sami doya a Najeriya

Afirka ta Yamma ce ke noma fiye da kashi 90 cikin 100 na doyar duniya, Najeriya ita kaɗai tana da kusan kashi biyu cikin uku. Kasuwar Zaki Biam da ke jihar Binuwai ita ce ta fi kowace shahara, kuma daga irinta ne doya ke bi ta Kano ta iso Maraɗi da Damagaram. Duk da wannan yawa, abin da ake samu a hekta guda bai kai rabin abin da doyar za ta iya bayarwa ba, kuma masu bincike sun daɗe da nuna cewa iri na cikin manyan dalilai.

Manomin doya yakan ware har kusan kashi 30 cikin 100 na girbinsa don shukar baɗi. Wanda bai ware ba sai ya saya, kuma kuɗin iri na iya cinye rabin duk abin da zai kashe a gonar. Akwai wata dabara ta gargajiya da ake yi don rage asarar: idan doya ta kai wata biyar zuwa bakwai, sai a tone gefen tsibi a yanke ta a bar kan a ƙasa, a mayar da ƙasa. Kan zai sake fitar da ƙananan doya, su ne iri. Dabarar tana aiki, sai dai ba ta tace cuta.

Babbar illar tana wurin zaɓe. Doya mai girma ita ce mai kuɗi, don haka ita ake kaiwa kasuwa. Ƙanana su ake ajiyewa don shuka. To amma sau da yawa ƙanƙantar doya alama ce ta cewa uwar ba ta da lafiya. Ta haka manomi, ba da saninsa ba, yake zaɓar mafi rauni a gonarsa ya mai da shi iri, shekara bayan shekara. Cutar da ke sa ganyen doya ya yi dabbare-dabbare ya yamutse, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, tana bin guntun da aka shuka. Haka ma wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda ke shiga ƙarƙashin ɓawo ta sa doya ta tsattsage ta yi busasshen ruɓa a ma'ajiya. Mai sayen iri a kasuwa ba shi da hanyar gane ko ɗaya daga cikinsu da ido.

Yadda aka soma gyara

Matakin farko ya zo ne a farkon shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken saiwoyi ta Najeriya, NRCRI, da ke Umudike a jihar Abiya, tare da cibiyar IITA ta Ibadan, suka fito da dabarar ƙananan yanka. Maimakon a raba doya gida huɗu, sai a yanka ta ƙanana, daga giram 25 zuwa kusan 100, kowane yanki da ɓawonsa. A tsoma su cikin maganin ƙwari da na ruɓa, a shanya a inuwa, a shuka su kusa da juna. Ba doyar ci ake nema a wannan shekara ba. Abin da za a tona ƙananan doya ne cikakku, marasa rauni, waɗanda za a shuka baɗi ba tare da an sa musu wuƙa ba. Doya mai kilo ɗaya da aka yanka giram 50-50 tana ba da iri 20 a maimakon huɗu.

Manoma da yawa ba su karɓi dabarar ba da farko. Ƙananan yankan ba sa tsira lokaci guda, wasu suna ruɓewa, maganin da ake tsomawa ba ya samuwa a ƙauye, kuma mutum yana ganin ya ba da fili da ƙarfi shekara guda bai ci ba. Sai da aka ƙara girman yankan aka sauƙaƙa haɗin maganin kafin abin ya soma karɓuwa.

Mataki na biyu shi ne shirin YIIFSWA, wanda IITA ta jagoranta a Najeriya da Gana da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates. An ƙaddamar da shi a 2012, aka shiga zango na biyu a 2017. Wannan karon an fara ne daga ɗakin bincike. Ana ciro ɗan ƙaramin tsiron da ke can ƙarshen toho, inda birus bai cika kaiwa ba, a rene shi cikin kwalba, a gwada shi a tabbatar ba shi da cuta. Daga nan a yawaita shi cikin ɗakin raga da ƙwari ba sa shiga. Wata hanyar ma babu ƙasa a cikinta: saiwar tana rataye a cikin akwati mai duhu, famfo yana fesa mata ruwa mai sinadarin taki. Daga yaɗon da ya fito ana yanka gaɓa ɗaya mai ganye ɗaya a dasa, ta ba da ƴar doya. Shuka guda tana iya haifar da ɗaruruwa a shekara.

Abin da ya fi na'urorin muhimmanci shi ne tsarin da aka gina a kansu. Cibiyoyin bincike suna riƙe da tsaftataccen tushe. Kamfanoni kamar IITA GoSeed da Umudike Seeds suna yawaita shi su sayar wa masu noman iri. Su kuma su sayar wa manoma. Hukumar iri ta Najeriya, NASC, tana duba gonakin tana ba da shaida, kuma dokar iri ta 2019 ta ƙara mata ƙarfi. Har yanzu mafi yawan manoman doya a Najeriya daga rumbunsu ko daga kasuwar ƙauye suke samun iri, amma an kafa sana'ar da babu ita a da: mutumin da aikinsa noman irin doya ne kawai.

Gure ba ƙasar doya ba ce

Doya tana son ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara, da ƙasa mai zurfi da taki, da damina mai tsawo, tana kuma yin wata bakwai zuwa goma a ƙasa. Gure, mai tazarar kusan kilomita 160 gabas da Damagaram a kan babbar hanyar Difa, ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, cikin wata uku. Ko Gaya, wadda ta fi ko'ina ruwa a Nijar, tana bakin iyakar abin da doya ke buƙata ne. Duk wanda ya ce zai wadata Nijar da doya daga kwarin Gure yana sayar da mafarki. Doya za ta ci gaba da zuwa daga kudu, farashinta kuma zai ci gaba da bin darajar naira da kuɗin man mota da halin tsaro a Binuwai.

Arzikin Gure na wani wuri ne. Tsakanin tuddan rairayi na ƙasar Manga, daga Gure zuwa Gudumariya da Maine-Sorowa, akwai ɗaruruwan kwaruruka da ruwan ƙasa yake kusa. Masu bincike sun kasa su gida uku: waɗanda ruwan bai kai zurfin mita ɗaya da rabi ba, waɗanda yake tsakanin nan da mita huɗu, da waɗanda ya zarce haka. Goruba ce ke zagaye da bakin kwari, dabino na biye, sai garake na rogo da dankali da rake da masara da albasa da kabeji, a tsakiya kuma sau da yawa kanwa ce. A shekarar da hatsin tudu ya ƙi, kwari ne ke riƙe gida, kuma rogo na cikin abubuwan da aka fi dogara da su, domin yana jira a ƙasa har ranar da aka buƙace shi.

Kwarurukan suna cikin matsi. Rairayi yana binne su, shi ya sa aka yi shirin PLECO na tsayar da tuddan rairayi a gundumomin Gure da Maine-Sorowa tare da tallafin hukumar PNUD. Ruwan ƙasa yana sauka a wasu, gishiri da kanwa suna hawa a wasu. Filin da ke nomuwa yana raguwa, jama'a suna ƙaruwa. A irin wannan hali, kowane taƙi na kwari yana da daraja, kuma dasa kara mai cuta a cikinsa asara ce ninki biyu: an rasa amfanin, an kuma zubar da ruwan da aka jawo da guga ko da man injin.

Cututtukan da ke tafiya cikin dami

Cutar da ta fi damun rogo a Afirka ita ce mai sa ganye ya yi rawaya-rawaya ya murɗe ya ƙanƙance. Farin ƙuda ne ke ɗaukar ta daga shuka zuwa shuka, amma hanyar da ta fi yi mata sauri ita ce damin kara da mutum ya ɗauko daga gonar maƙwabci ko daga wata ƙasa. A shekarun 1990 wani nau'inta mai tsanani ya ratsa Yuganda, har manoma a yankuna da dama suka bar noman rogo. Akwai wata cutar kuma da ta fi ta haɗari, mai ruɓar da saiwa daga ciki alhali ganye bai nuna wani abin tsoro ba, sai an tona an yanka a tarar da launin ƙasa-ƙasa. An fara bayyana ta a Tanzaniya a 1936, ta daɗe a gaɓar tekun Afirka ta Gabas, sannan daga 2004 ta bazu a Yuganda da ƙasashen manyan tafkuna har cikin Kwango. Tsoron isowarta Afirka ta Yamma na cikin dalilan kafa shirin WAVE mai sa ido kan cututtukan rogo, wanda cibiyarsa ke jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Abijan.

Tarihi ya riga ya nuna abin da dami ɗaya ke iya jawowa. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da gari ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a jikin karan rogo, aka fara ganinsa a yankin Kwango. Cikin ƴan shekaru ya mamaye ƙasashen rogo, yana cinye mafi yawan amfanin a wasu wurare. Sai da IITA, ƙarƙashin jagorancin masanin ƙwari Hans Herren, ta kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe shi daga asalin ƙasarsa aka saki daga 1981, kafin aka shawo kansa. Aikin ya sa aka ba Herren kyautar abinci ta duniya a 1995.

Dankalin Hausa shi ma yana da nasa. Idan birus ɗin da darɓa ke kawowa ya haɗu da wanda farin ƙuda ke kawowa a shuka ɗaya, yaɗon yakan tsugune, amfanin ya faɗi da fiye da rabi. Ga kuma ƙwaron da ke huda saiwa ya sa ta ɗaci, wanda ƙwansa ke ɓoye a gindin tsohon yaɗo. Wanda ya yanko yaɗo daga gindi ya kai sabuwar garka ya kai ƙwaron da hannunsa.

Iyaka da doka

Kudancin gundumar Gure yana kallon jihar Yobe, kuma mu'amala tsakanin ɓangarorin biyu ta girmi iyakar kanta. Abin da ke shigowa ta kasuwanni irin su Maigatari da Machina ya haɗa da garin rogo da doya da taki da maganin feshi, kuma ba abin mamaki ba ne damin karan wani rogo da aka ji yabonsa ya biyo amalanke ko bayan babur. Ta wannan hanya nau'o'i masu kyau suke yaɗuwa tsakanin manoma tun fil azal, kuma ta nan cuta take bi. Ma'aikatan hukumar kare tsirrai, DGPV, suna manyan mashigai, amma iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500.

Rufe iyakar da aka yi sau biyu cikin shekaru biyar, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris na 2024, ya nuna wa mutanen birane yadda tukunyarsu ta dogara da kudu. Darasin da aka fi ɗauka shi ne na shinkafa da masara, kuma shirin babban noman ban ruwa da hukumomin yanzu suka sa gaba ya fi fuskantar su. Dankalin turawa ya isa misali na abin da ke faruwa idan ba a riƙe iri a gida ba: manoman Bankuku da na tsaunukan Ayar suna noma shi da kyau, amma kowace shekara sai sun jira irin da ke zuwa daga Turai, kuma jinkirin jirgin ruwa ko rufewar hanya yana iya cinye musu lokacin shuka.

A takarda, doka ta tanadi komai. Ƙa'idar iri ta CEDEAO ta 2008 ta lissafa amfanin gona 11, kuma rogo da doya da dankalin turawa suna ciki. Nijar ta cika ta da dokarta ta iri a Nuwamban 2014. Ficewar ƙasar daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ba ta raba ta da tsarin gaba ɗaya ba, tunda UEMOA da CILSS suna aiki da ƙa'idar, kuma Nijar tana cikinsu. Matsalar tana wajen aiki. Gonakin iri masu zaman kansu da suka taso a ƙasar, da aikin INRAN da na ICRISAT a Sadore, sun fi ba da ƙarfi ga hatsi da dawa da wake da gyaɗa, abubuwan da ake aunawa a zuba a leda a liƙa musu takarda. Karan rogo ba ya jure mako da yawa bayan an sare shi, yaɗon dankali kwana biyu ko uku ya ishe shi ya yi yaushi. Ba za a ɗauko su daga Kollo ko Tarna a kai Kelle a ce an yi rabon iri ba. Dole a noma su kusa da inda za a dasa su.

Abin da manomi zai iya tun bana

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawan rigakafin nan ba ya buƙatar ko dala. Abu na farko shi ne a zaɓi iri tun shukar tana tsaye da ganyenta. Manomi ya zaga garkarsa lokacin da rogo ya kai wata uku zuwa shida, ya ɗaura ƙyalle a kan gindin da ganyensa ke kore shar, shimfiɗaɗɗe, ba murɗewa. Ranar tono, idan saiwar ta cika, daga waɗannan kaɗai zai ɗebi kara. Wanda ya jira sai an sare an tara, ganye ya zube, ba zai iya bambance mai lafiya da marar lafiya ba. Gwajin da aka yi da manoman doya a Najeriya da Gana ya nuna wannan zaɓe kaɗai yana rage cuta a gonar baɗi.

Na biyu, a tuge duk shukar da ta nuna cuta tun tana ƙarama a fitar da ita daga garka. Na uku, a yanki kara daga tsakiyar sandar da ta yi wata takwas zuwa sama, tsawon santimita 20 zuwa 25, mai gaɓa biyar zuwa bakwai, da wuƙa mai kaifi. Ga dankali, a ɗauki kan yaɗo, kamar tsawon taƙi ɗaya da rabi, a bar gindin.

Akwai kuma wata dabara da ta dace da ƙasar rairayi kamar don ita aka yi. Cibiyar dankali ta duniya, CIP, da abokan aikinta sun gwada ta a Tanzaniya da Yuganda, aka kawo ta arewacin Gana da Najeriya da Burkina Faso. Lokacin tono a zaɓi ƙananan dankali masu lafiya, waɗanda ƙwaro bai taɓa ba, a jera su cikin baho ana raba su da busasshen rairayi mai sanyi, a ajiye a ɗaki. A riƙa dubawa ana cire wanda ya lalace. Saura mako shida zuwa takwas a yi dashe, sai a binne su a ɗan fili mai shinge a riƙa ban ruwa. Dankali 40 na iya ba da yanka fiye da 1,000. Mai wannan ba ya yawon roƙon yaɗo, ba ya kuma ɗauko cutar garkar wani. Ta wannan hanya ma za a iya yaɗa dankali mai jan ciki, mai sinadarin bitamin A, wanda ya sa aka ba masu bincikensa kyautar abinci ta duniya a 2016, kuma amfaninsa ga yaran jihar Damagaram, inda tamowa ta daɗe tana addabar ƙananan yara, a bayyane yake.

Inda Gure za ta iya shiga gaba

Ƙasashen da suka ƙware a noman irin dankalin turawa suna kai gonakin irin ne wuraren da ke nesa da sauran gonaki, inda ƙwari masu yaɗa cuta ba su da yawa. Kwarurukan Gure suna da wani abu mai kama da haka. Kowane kwari tsibiri ne, tuddan rairayi sun raba shi da ɗan'uwansa, wani lokaci da tazarar kilomita da yawa, iska kuma busasshiya ce mafi yawan shekara. Kwarin da mazaunansa suka yarda a kan kada wani ya shigo da kara daga waje, aka fara shi da tsaftataccen tushe, yana iya riƙe lafiyarsa fiye da gonar da ke tsakiyar dubban gonakin rogo a kudu. Sharaɗin shi ne a lura da farin ƙuda, domin yana son tumatir da sauran kayan garka na rani, kuma inda aka cakuɗa su da rogon iri an buɗe masa ƙofa.

Abin da wannan ke buƙata daga hukuma bai kai kuɗin madatsar ruwa ɗaya ba. Ana buƙatar wurin da zai karɓi tsaftataccen tushe daga cibiyoyin da ke da shi, ta hanyar hukuma da takardar lafiyar tsirrai, ya gwada nau'o'in a ƙasa mai kanwa, domin rogon da ya yi fice a Ibadan ba lallai ya jure gishirin kwari ba, kuma mutanen nan rogo mai zaƙi suke so, na dafawa, ba mai ɗaci na gari ba. INRAN da jami'ar André Salifou ta Damagaram da jami'ar Difa suna kusa da wannan aiki. Ana buƙatar a tattara nau'o'in gida da manoma suka daɗe suna riƙewa a tsaftace su a mayar musu, kada sabo ya kore su. Ana buƙatar ɗakunan raga ƙanana da ƴan manoma a kowace ƙaramar hukuma, Gure da Gidigir da Bune da Kelle, waɗanda za su mai da noman iri sana'a. Hukumar FAO ta fitar tun 2010 da ƙa'idoji masu sauƙi na tabbatar da ingancin irin da ake dasawa a matakin ƙauye, waɗanda malamin gona zai iya aiki da su ba tare da ɗakin bincike ba. Majalisar manoma ta jiha da RECA suna da hanyoyin isar da bayani cikin Hausa da Barbarci.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta kuɗi. A al'ada karan rogo kyauta ake bayarwa, ko a karɓi abin goro, kuma mutum ba ya saurin biyan abin da ya saba samu a banza. Najeriya ta ci karo da wannan a rogo da doya duka, kuma abin da ya sa manoma suka soma saye shi ne ganin gona biyu gefe da gefe ranar tono. Akwai kuma haɗarin da ƙungiyoyin agaji ke jawowa ba da nufi ba: idan aka sayo kara da yawa daga inda aka samu aka raba kyauta bayan fari ko ambaliya, ana iya raba cuta a faɗin gunduma cikin mako guda, a kuma karya ɗan kasuwar mai noman iri na gida. Sharaɗi ɗaya a takardun sayen kayan agaji, cewa kara da yaɗo su fito daga garkar da malamin gona ya duba tana tsaye, zai toshe wannan ƙofa, ya kuma ba masu noman iri na farko kasuwar da za su tsaya a kanta.

Dashen rani na bana zai gudana da karan da ke hannun mutane yanzu. Wanda za a dasa baɗi yana tsaye a garake, da ganyensa, kuma watannin nan ne kaɗai za a iya gane mai lafiya a cikinsa a ɗaura masa alama.